Jikata ta kasa karatu, ni kuwa na san yadda ake ƙaryar ciwo

Daga Admin: Wannan saƙon wani dattijo ne a cikinmu, ya ce a sakaya sunansa. Na bar shi yadda ya turo. A yi sharhi da ladabi.

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure, manya da yara. Shawara na zo roƙo don Allah, kuma ku yi haƙuri da rubutuna, da yatsa ɗaya nake dannawa, ga ido ya tafi, ga bokon nawa aji biyu ne, shi ma na biyun ban ƙarasa shi ba, sauran a ajin yaƙi da jahilci na tsinto da gemuna. Na ce admin ya ɓoye sunana, ko da yake wanda ya taɓa kai ɗinki unguwar Wunti a Bauchi zai iya gane ni kafin ya kai ƙarshe. To wanda ya gane ya riƙe bakinsa, ba don ni ba, ni nawa sunan ya daɗe da lalacewa, don yarinyar da zan yi magana a kanta.

Jikata ce, 'yar ɗana na ƙarshe, tana aji uku a ƙaramar sakandare. Zan kira ta Amarya yadda nake kiranta a gida. Yarinya ce mai baki, da ni da ita kullum faɗa, in ce na sake ta saboda ba ta iya dama kunu ba, ta ce dama ita ba ta son miji mai haƙori huɗu. A makaranta kuma ba ta taɓa sauka daga sahun gaba ba. To tun zangon da ya wuce abu ya canza. Da safe in za a tafi makaranta sai ciwon kai, wata rana ciwon ciki, wata rana ta ce ƙirjinta na bugawa. An kai ta kemis, an yi gwajin maleriya da taifot, babu komai. Na karɓo mata rubutu ta sha, an yi tofi, shiru. Jarrabawar da aka yi ta ƙarshe an ce wasu takardun sunanta kawai ta rubuta ta miƙa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ciwon nan ya san kalanda, ran Asabar da Lahadi ba ya zuwa.

Malamarsu ta lissafi ta tako har gida, yarinya ce ƙarama, daga Yelwa ta hawo keke Napep ranar da ba aiki. Tun daga nan na fara zarginta, don ni dai a zamanin nan ban san malamin da ke bin ɗalibi gida haka kawai ba. Ta durƙusa ta gaishe ni a zaure, ta ce Baba na canza mata wurin zama, na zauna da ita bayan an tashi, na tambayi ƙawayenta ko wani ya taɓa ta sun ce ba su sani ba, in mu biyu ne tana ba ni amsa daidai, amma da an raba takardar jarrabawa sai ta kasa rubuta komai, kuma ba sau ɗaya ba an same ta a bayi tana kuka. Ta ce ita iyakar abin da ta sani ta yi, zango guda ya wuce abin gaba yake yi, ita lissafi ta karanta, wannan ya fi ƙarfinta. Wai akwai malamar da aikinta ke nan a makarantar, zama da yara masu damuwa, a bari ta ga Amarya, in ita ma ta ga da buƙata za ta tura mu asibiti wurin likitan ƙwaƙwalwa. Da na ji kalmar nan sai na gyara zama, na ce Malama likitan nan ɗan'uwanki ne ko, kike nema masa kasuwa. Ta yi dariya ta ce Baba da ɗan'uwana ne ai da kai zai fara. Na ce to na ji, za mu yi shawara. A raina kuwa na riga na gama, babu inda za ta.

Kafin ku ce tsohon nan jahili ne, wanda gaskiya ne, ku bari in gaya muku inda na samo digirina a wannan fanni.

A zamaninmu, kafin Turawa su tafi da 'yan shekaru, ba iyaye ke kai yaro boko ba, zuwa ake yi a kama shi. Mai unguwa zai zo da mutanen En'e, hukumar gargajiya ta lokacin, a ce kowace unguwa ta kawo yara kaza elemantare. Ranar nan za ka ga gari ya yi tsit, an cusa wasu a rumbu, an tura wasu ƙauye wurin dangi, wani gidan ma ɗan barantaka ake miƙawa a ce shi ne ɗan masu gida. Ni an same ni ne a bakin rijiya ina wasa, babu wanda ya sami damar ɓoye ni. Kakata ta wajen uba, Allah ya jiƙanta, ita ta rene ni, ta yi kuka har ta gaji, don a wurinta wanda ya shiga boko ya bar salla ke nan. Da kuka bai yi ba sai ta koma dabara. A lokacin kowace tsohuwa da irin nata maganin, wata ta koya wa jikanta in'ina, wata wauta, wata faɗuwa yana shure-shure. Tawa ta zaɓa min kurumta.

Kuma horo ta ba ni na gaske, ba wasa ba. Ina zaune sai ta saki kwano a bayana, in na zabura ta murɗe min kunne. Ta kira ni a hankali ta ce zo ga fura, in na waiwaya ranar babu furar. Kullum ta narka man shanu ta ɗiga min a kunne har ya riƙa naso a wuyan riga, ƙudaje na bina kamar mahauci. Hedimastanmu kuwa ba yaro ba ne, ya ga irina da yawa. Ya buga ƙarfen tashi dab da ƙeyata, ban motsa ba. Ya tsaya a bayana ya ce a hankali wanda ke son alewa ya ɗaga hannu, yawu ya cika min baki amma hannuna na cinya. Ya yi bulala, na ci na yi shiru ina kallon bakinsa kamar mai son ganewa. Da ya gaji sai ya haɗa ni da masinja aka kai ni disfensare, malamin asibiti ya haska tocila ya ga kunne cike da maiƙo yana wari, ya yamutsa fuska ya yi wa masinjan Turanci, shi ke nan aka sallame ni. Kakata ta yi waina ta raba wa maƙwabta, aka kai ni koyon ɗinki.

Wannan labari ba sirri ba ne, duk Wunti an san shi, ni da kaina nake ba da shi a majalisa ana dariya, har da kwaikwayon hedimasta. Ribar da na ci kuwa ga ta. Ranar da aka sami 'yancin kai, abokaina da suka kasa ƙarya suna fili cikin fararen kaya suna maci da 'yan tutoci, ni ina shagon maigidana ina hura gawayin dutsen guga, kayan da suka sa ma ni na goge. Ba a daɗe ba suka zama akawu, wani malamin gona, wani har mota, suna kawo min ɗinki suna ɗaga murya in za su yi min magana. Don sunan ya riga ya bi ni. Kurma. Har yau akwai tsofaffin da ba su san sunana na yanka ba. Lokacin da na je neman aure na fari, kawunnan yarinyar sai da suka turo wani ya tsaya a bayana a shago ya zagi keken ɗinkina ƙasa-ƙasa, da na juyo da almakashi a hannu sannan aka yarda a karɓi gaisuwata. Zuwa ɗaya na yi disfensare, ɗaya tak, na ɗauko sunan da ya kusa hana ni mata.

To ku duba min. Ni namiji ne, kuma kunne ne kawai. Ita mace ce, kuma ƙwaƙwalwa ake magana. A unguwarmu in aka ga keke ya sauke ku a ƙofar wannan ɓangare na asibiti, kafin ku dawo gida labari ya riga ku, kuma ba za a ce damuwa ba, cewa za a yi ta taɓu. Shekara goma nan gaba wani zai zo neman aurenta, wata tsohuwa irin kakata za ta ce ai ita ce wadda aka kai. Malama ta ce sirri ne, babu mai ji. Na ce Malama a Bauchi kike ko a wata ƙasa.

Abu na biyu, kuma shi ya fi ci min rai, ina zargin ni na koya mata. Yarinyar nan tun tana rarrafe take jin labarin kurumtata, ta haddace shi har tana gyara min in na tsallake wani wuri. Sai na ce to jinin ne ya motsa, an sami magajiya. Ɓarawo ai ya san tafiyar ɗan'uwansa, don haka na shiga bincike irin na hedimasta. Wata Litinin tana kwance tana riƙe da kai, na leƙa na ce wa uwarta da ƙarfi yadda za ta ji, yanzu aka faɗa a rediyo malamai na taro yau babu makaranta. Ina kallonta ta gefen ido. Sai da ta sauke wani dogon numfashi, kafaɗunta suka sauka, kafin hantsi har ta tashi ta yi wanke-wanke. Na ce alhamdu lillahi na kama ta. Na gaya mata a gaban uwarta cewa ƙarya take yi, kuma ta yi wa mai sana'ar, ta tashi ta sa yunifom gobe. Ba ta ko yi musu ba, wanda a da sai mun kai azahar muna yi.

Sai na ce to me take gudu, ko wani yaro ne ya shiga kanta. Na bincika wayar uwarta da take ɗan taɓawa, ban ga komai ba sai karatun Alƙur'ani da girke-girke, ko da yake binciken nawa ma sai da na goge wa matar hotunan biki ban sani ba. Wata safiya na bi ta a baya a keke, na ce wa mai keken ya bi wancan a hankali, ya dube ni ta madubi ya ce Baba da girmanka, na ce tuƙa malam matata ce nake zargi. Babu saurayi, babu kowa. Ta sauka a tsallaken makarantar ta tsaya jikin wata bishiya, yara na ta shiga, ita tana tsaye ta ƙanƙame jaka. Ta taka kamar za ta tsallaka ta dawo, ta sake takawa ta dawo. Sai da mai gadi ya fara jan ƙofa sannan ta ruga. Babu mai kallonta a wurin, ba ta san ina nan ba. Wannan ya ɗan dame ni, don ni a zamanina ba na ɓata wasa in babu 'yan kallo. Amma na ce wa kaina wataƙila ta hango ni ne, yaran yanzu idonsu kamar na shaho.

A gida kuwa an rabu biyu. Ubanta direban tirela ne, rabin wata yana hanya, in na kira shi sai ya ce Baba duk abin da ka yanke shi ke nan, wato ya ɗora min ya huta. Uwarta tana so a je, amma ba za ta fita da yarinya ba da izini ba, kuma ba za ta tsaya gabana ta yi gardama ba, surukar kirki ce. Sai ta bi ta wurin Hajiya matata. Saƙon da ya iso min shi ne wai a gaya wa Baba ba kowa Allah ya ba baiwar ƙarya irin tasa ba. Hajiya ta ce ita ta ƙara gishiri kaɗan amma ma'anar ke nan, kuma ita ma ra'ayinta ke nan. Na yi fushi na ƙi cin tuwon dare, babu wanda ya lallashe ni, na dawo na ci da sanyinsa. Har na fara zargin da Malama da uwar sun haɗa baki ne, don na ga suna waya, in na shigo a yi shiru.

Akwai wani abu da ba na sawa a labarin in ina ba da shi a majalisa, don ba ya ba da dariya. A ajinmu akwai wani yaro Sambo, ɗan Fulani ne daga wajen Miri, an kawo shi gidan wani a gari don makaranta. Shi in aka kira shi gaban allo sai jikinsa ya ɗau ɓari, baki ya ƙi buɗuwa, wata rana har fitsari ya kufce masa. A waje kuwa in muna wasa lafiyarsa ƙalau, ya fi kowa iya ƙirga da waƙa. Hedimasta ya ce wannan ma karatun tsohuwa ne, ya sa masa bulala kullum. Mu ma yara mun ɗauka dabara ce, har ina jin haushinsa wai bai iya ba, ya zaɓi mai wahala. Na taɓa tambayarsa wa ya koya masa, ya dube ni kawai. Ni maƙaryaci ni aka kai wa malamin asibiti, shi ba a taɓa kai shi wurin kowa ba, ko da yake ban san abin da tocila za ta gani a nasa ba. Bayan an sallame ni na ji wai ya gudu da ƙafa, aka dawo da shi, ya sake gudu, daga nan ban ƙara jin ɗuriyarsa ba. Shekaru da yawa ban tuna shi ba, sai ranar da na ga Amarya a jikin bishiyar nan. Amma kuma na ce kai tsoho, kada tausayi ya sa yarinya ta yi maka abin da ka yi wa hedimasta.

Abin da ya sa na ɗauki waya yau shi ne abin da ya faru shekaranjiya. Har yanzu keken ɗinkina na nan a zaure, ina ɗan taɓa gyare-gyaren gida. Ta shigo da siket ɗin makaranta a hannu ta ce Kaka a rage min, yana zamewa. Na juya shi ciki sai na ga zarena a ƙugun, ashe na riga na rage shi a farkon zangon nan, na yi ne ina hira ban ma lura ba. Na ce zo nan in gwada. Na zagaya tef, na sake zagayawa don ina zaton idona ne. Yarinyar da ya kamata a ce kullum buɗe mata kaya nake yi, ƙugunta bai kai na kayan Sallar bara ba. Hijabi ne ya rufe min, kullum tana ciki. Ni fa lokacin da nake kurma ƙiba na yi, kakata na ɗura min fura ladan aiki. Na tambayi Hajiya daga baya, ta ce ai an daɗe ana kwashe abincinta yadda aka zuba, da ran makaranta da ran hutu, an gaya min na ce salo ne.

Na so in mayar da abin wasa, na ce Amarya so kike a ce ba na ciyar da ke a raba auren ko. Da a da ne da ta ce dama can me kake kawowa ban da goro. Sai ta tsaya tana kallon keken, can ta ce, Kaka ka ce ƙarya nake yi, to ka koya min yadda ake dainawa, na gaji. Ba da gatse ta faɗa ba, da gaske take tambaya, tana jiran amsa. Ni kuwa tawa ƙaryar ran da na ga dama na ajiye ta kamar hula. Sai na ce je ki zan kawo miki siket ɗin.

To jama'a ga inda nake. Wani ɓangare na zuciyata har yanzu yana ce min wannan ma cikin wasan ne, yarinyar ta fi ni iyawa ne kawai. Wani ɓangaren yana cewa ko da wasan ne, abin da zai sa yaro ya bar abinci don kada ya shiga aji ai shi ma abin dubawa ne, kuma ba ni ne mai duba shi ba, tela ne ni. Malama ta sake aiko wa uwar cewa jarrabawar fita aji uku na matsowa, kuma matar nan mai zama da yara tana nan ranar Litinin, kalmata kawai ake jira.

Malaman makaranta da ke cikin nan, ku gaya min tsakani da Allah, yaya kuke gane ranar da abu ya wuce lallashi da bulala da addu'ar gida, ya zama sai an miƙa shi gaba? Wanda aka taɓa kai nasa wurin irin waɗannan mutane, da gaske ana rufa asiri, ko sunan ya bi yaron? In na ce a je, aka laƙaba mata abin da zai bi ta har gidan miji, ni na jawo. In na ce a bari, ban san sau nawa zan ƙara rage siket ɗin nan ba, yana nan ƙarƙashin allura tun shekaranjiya na kasa taka keken. Ku faɗa min abin da zan ce wa uwarta kafin Litinin, kuma wanda zai zage ni ya zaga, ina ji sarai.